Tsiro mai yaɗo a madadin ciyawar ado: me ya dace da ƙasar Potiskum?

A unguwar Dogo Tebo da ke Potiskum a Jihar Yobe, duk mai son ganin kore a tsakar gida ko harabar makaranta ya san tsadar abin. Damina ba ta cika wuce watanni huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba, kuma da bazara zafi kan haura digiri 40. Ciyawar ado kuwa sai da ban-ruwa kusan kullum, ga shi gidaje da dama daga 'yan garuwa suke sayen ruwa.

Irin wannan ɗawainiya ce ta sa wasu masu lambu a Turai da Amurka suka koma shuka tayim mai yaɗo, ɗan'uwan tayim ɗin da ake sa wa dafa-duka. Tsawonsa ba ya wuce santimita 10, yana shimfiɗuwa kamar tabarma, ba ya bukatar yanka, kuma da zarar saiwarsa ta kama, ruwa kaɗan ya ishe shi.

Sai dai asalinsa daga Turai ne, inda zafi bai kai namu ba. Yana son rana da jigawa, amma idan ruwa ya kwanta masa, kamar yadda yakan faru a mamakon Agusta, saiwar ruɓewa take yi. Haka kuma ba ya jure yawan takawa. Saboda haka mai son gwadawa ya fara da ɗan ƙaramin fili a farkon hunturu, ya ba tsirrai tazarar santimita 20 zuwa 30, ya ga yadda za su ƙetare bazara kafin ya kashe kuɗi mai yawa.

Akwai kuma tsirran da suka saba da ƙasar. Kiri-kiri, duk da ciyawa ce, tana jure fari da sawun yara. Dankalin Hausa da wake suna rufe ƙasa, su ba da abinci, harawarsu kuma ta tafi ga dabbobi. Duman kada yana riƙe rairayi, amma yana cutar da awaki da tumaki da shanu idan suka ci, abin lura ne a garin da kasuwar shanunsa ke cikin mafi girma a Afirka ta Yamma.

Ko wanne aka zaɓa, ƙasar da aka rufe ta fi riƙe laima, ƙurarta ta fi kwanciya da hunturu, kuma ruwan sama ba ya saurin zaizaye ta.