Ko Kun Sani? Sirrin Cin Jarabawa Yana Makarantar Allo

Ko kun san cewa dabarar da masana suka tabbatar tana kafa karatu a ƙwaƙwalwa ta daɗe a makarantun allo na Pumpumre da sauran unguwannin Garwa a Kamaru? Yaro ba ya wanke allonsa sai ya kifa shi ya kawo karatun da ka a gaban malam. Ko ya yi gaba, kullum yana komawa tilawar na baya.

A 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan karatu, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi ta zama ɗaya. A 2006 kuma, a Amurka, Roediger da Karpicke suka gwada ɗalibai: bayan mako guda, waɗanda suka ajiye takarda suka rubuta abin da suka tuna sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karantawa.

Wannan ya shafi duk mai fuskantar jarabawar BEPC ko Bac, balle Probatoire, wadda in ba a haye ta ba, ba shiga ajin ƙarshe na sakandare a Kamaru. Abin tausayi ne ka ga yaro ya kwana zaune daren jarabawa, ido ja wur, ya shiga ɗaki kai ba komai.

Ɗalibai, ku fara bita tun kafin zafin Maris da Afrilu. Bayan sallar asuba, da sanyin safiya, ku rufe littafi ku amsa tambayoyin shekarun baya, agogo a gabanku.