Bahar Maliya da ƙofofinta biyu

Darasinmu na yau a kan Bahar Maliya ne, tekun da alhazan dā suke ƙetarewa daga Sawakin ta ƙasar Sudan zuwa Jidda, bayan sun yi wata da watanni suna tafiyar ƙasa.

Ku dubi taswira. Za ku gan ta doguwa, siririya, tsakanin Afirka da ƙasar Larabawa. Tsawonta ya fi kilometir 2,000, wato ya fi tafiyar Yamai zuwa Damagaram sau biyu. Hagu hamada, dama hamada. Babu kogi ko ɗaya mai gudu rani da damina da yake zuba cikinta, ga rana tana shanye ruwa wajen metir 2 kowace shekara. To, me ya hana ta ƙafewa kamar tabki da bazara?

Amsar tana kudu. Can tsakanin Yaman da Jibuti akwai wani matsatsin wuri, faɗinsa wajen kilometir 30, sunansa Babul Mandab, wato Ƙofar Kuka. Irin wannan wuri shi ake ce wa mashigi. Ta nan ruwan tekun Indiya yake shigowa yana mayar da abin da rana ta sha. Amma rana ruwa take ɗauka, gishiri kuwa ta bar shi, kamar yadda ake yi a Bilma. Shi ya sa litir guda na ruwanta yana da gishiri wajen garam 40, na sauran manyan tekuna kuwa 35. Ba ya shayuwa, ba ya ban ruwa, sai an tace shi da injuna masu tsada.

A arewa ta rabu reshe biyu, na Suwes da na Akaba, dutsen Sina a tsakani. Nan babu ƙofa sai da mutane suka haƙa hanyar Suwes, aka buɗe ta a 1869. Yaƙi ya rufe ta daga 1967 zuwa 1975. A 2021 jirgi guda tak ya gitta cikinta, ya tsayar da ɗaruruwan jirage har kwana 6. A ƙarshen 2023 kuma, da aka fara harbin jirage daga Yaman, da yawansu suka koma zagaye Afirka, ƙarin kwana 10 ko fiye, kuɗin dakon kaya ya hau.

Mako mai zuwa sai mashigin Hurmuz. Ku zo da taswirarku.