Haɗewar Majalisun Metodis a Kansas da Nebraska da Nauyin da Ya Hau Kan 'Yan Sa Kai

A ranar 1 ga Janairun 2014, majalisu uku na Haɗaɗɗiyar Ikilisiyar Metodis a tsakiyar Amurka, wato ta Gabashin Kansas da ta Yammacin Kansas da ta Nebraska, suka dunƙule suka zama majalisa guda mai suna Great Plains, wadda ta tattara coci-coci kimanin 1,000. Abin da ake nufi da majalisa a nan shi ne abin da 'yan ɗarikar suke kira Taron Shekara, wanda taro ne da ake zama sau ɗaya a shekara, kuma hukuma ce mai baitulmali da ma'aikata da kadarori, wadda a cikinta ake naɗa limamai, bishop kuma ya tura kowane fasto cocin da zai yi hidima. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga mutanen Jalingo da Bambur, domin ɗaya daga cikin ikilisiyoyi biyu da suka haɗu a Dallas a 1968 suka kafa wannan ɗarika ita ce ta yi aikin mishan a ƙasar Muri.

Dalilin haɗewar a fili yake. Yawan membobi a Amurka ya yi ta raguwa tun bayan 1968, sai Babban Taron ɗarikar, wanda ke zama duk bayan shekara huɗu, ya rage yawan bishop-bishop, har shiyyar da Kansas da Nebraska suke ciki ta sauko daga bishop 11 zuwa 10. Tun daga Satumban 2012 bishop ɗaya, Scott Jones, ya riƙe majalisun uku, kuma da yake ɗawainiyar taro uku da kasafin kuɗi uku za ta yi wa kujera ɗaya yawa, wakilai sun riga sun kaɗa ƙuri'ar haɗewa tun kafin nan a 2012, sannan suka hallara a birnin Salina a watan Agustan 2013 suka amince da sabon tsari.

Sai dai ƙuri'a ita ce mafi sauƙin aikin, domin tun asali wannan ɗarika a kan kafaɗun waɗanda ba a biyansu albashi take tsaye. A Bristol ta Ingila a 1742, lokacin da bashin ginin ɗakin sujada ya dami mabiyan John Wesley, wanda ya assasa Metodis, aka raba su rukuni-rukuni na mutum goma sha biyu, kowane rukuni da shugaban da zai zagaya ya karɓi kwabo guda daga kowa a mako. Ba a jima ba aka lura cewa mai karɓar kwabon nan shi ne ya san wanda ke kwance ba lafiya da wanda ya daina zuwa sujada, sai karɓar kuɗi ta rikiɗe ta zama kiwon jama'a. Daga wannan tushe ne ƙa'idar yau ta tsiro, wadda ta tanadi cewa a Taron Shekara yawan wakilan da ba limamai ba ya yi daidai da yawan limamai, kuma kowace coci da gunduma da majalisa tana da shugaban membobi, mutumin da ke da sana'arsa ta kansa amma yake magana da yawun jama'a a gaban bishop.

Waɗannan mutane, manoman alkama da masu kiwon shanu da malaman makaranta da suka yi ritaya, su ne suka zauna da limamai a kwamitoci don daidaita abubuwan da majalisun uku suka saba yi kowace ta hanyarta: yadda ake yanka wa kowace coci kason da za ta aika wa majalisa, da inshorar lafiyar fastoci da fanshonsu, da makomar sansanonin matasa da mutane suka gina da guminsu. Batun kason ya fi kowanne zafi, saboda duk lissafin da aka ɗauka sai ya sauƙaƙa wa wasu ya ƙara wa wasu, kuma ma'ajin ƙaramar cocin ƙauye ne, ba bishop ba, zai tashi ranar Lahadi ya bayyana wa maƙwabtansa dalilin da baikonsu zai tafi ofishin da ba su taɓa gani ba.

Babbar matsalar da irin wannan haɗewa take haifarwa, wadda takardun tsare-tsare ba kasafai suke ba ta muhimmanci ba, ita ce tsadar aikin sa kai. Jihohin biyu sun haura murabba'in kilomita 400,000, abin da ya kusa kai rabin faɗin Najeriya, kuma yammacin Nebraska yana bayan gabashinta da awa guda a agogo. Wakiliyar da za ta taso daga Scottsbluff a yammacin Nebraska zuwa zaman kwamiti a Topeka ta Kansas tana da tafiyar fiye da kilomita 800, wato ta bar gona ko wurin aiki, ta kwana a hanya, don zaman da bai wuce 'yan awoyi ba, alhali fasto ko ma'aikacin majalisa yana yin wannan tafiya ne a cikin lokacin aikin da ake biyansa. Ga kuma raguwar kujeru, domin inda a da ake da kwamitin kuɗi uku da shugabannin membobi uku, yanzu ɗaya ya rage, kuma mutanen da suka yi shekaru suna hidima sukan wayi gari ba wanda ya neme su. Idan ba a yi hattara ba, shugabanci yakan zame a hankali ya koma hannun masu albashi da masu hali da mazauna kusa da ofis, ko da kuwa ƙa'idar daidaito tana nan daram a rubuce. Wannan asara ce ta gaske, kuma majalisar da ta ƙidaya kuɗin da ta rage kashewa ba ta ƙidaya muryoyin da suka yi shiru ba, lissafinta bai cika ba.

Magungunan da ake da su sanannu ne: biyan kuɗin mai da masauki ga wakilai, da yin zama ta bidiyo a intanet, da juya wurin Taron Shekara tsakanin jihohin biyu, da mayar da wasu shawarwari matakin gunduma, wato rukunin coci-cocin da ke kusa da juna ƙarƙashin mai kula guda. Zama ta bidiyo ya rage wahalar hanya, amma ba ya haifar da amanar da ake samu wajen cin abinci tare, wadda sabuwar majalisa ta fi tsohuwa buƙatarta.

Jarrabawar wannan amana ta zo kafin majalisar ta cika shekara goma. Bayan saɓanin da ya ɓarke kan auren jinsi ɗaya da naɗin limamai, ɗarikar ta buɗe ƙofar ficewa daga 2019 zuwa ƙarshen 2023, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na coci-cocinta a Amurka suka fice, ciki har da wasu na Kansas da Nebraska. Dokar ta sharɗanta amincewar kashi biyu cikin uku na membobin da suka halarci taron cocinsu, saboda haka shugabannin membobi da amintattun kadarori da masu ajiyar kuɗi ne suka shirya tarurrukan, suka tantance rajistar masu ƙuri'a, suka nemo kuɗin bashin fansho da kowace coci za ta biya kafin ta tafi da gininta.