Lafiyar Hankali da Cututtukansa: Nazari daga Ƙasar Dandume



Idan aka ce wa mutumin Dandume ko na Funtua ya nuna mai ciwon hankali, ba zai yi wata-wata ba, zai nuna wancan bawan Allah mai tsummokara da ke yawo a bakin kasuwa yana surutu shi kaɗai. Wannan shi ne abin da Bahaushe ya sani da sunan hauka. Makasudin wannan lacca shi ne in nuna cewa irin wannan mutum kaɗan ne ƙwarai daga cikin masu cutar. Mafi yawansu suna cikin gidajenmu da makarantunmu da ofisoshinmu, sanye da tufafi masu tsabta, ba wanda ya san halin da suke ciki. Kuma cutar tasu tana da dalilai sanannu, tana kuma da magani.

Bari mu fara da ma'anar lafiyar hankali. A wurin masana, mai lafiyar hankali shi ne wanda yake iya ɗaukar wahalhalun zaman duniya na yau da kullum, ya yi sana'arsa, ya koyi abin da aka koya masa, ya kuma zauna lafiya da jama'a. Idan tunani ko zuciya ko ɗabi'a suka rikice har suka hana mutum waɗannan abubuwa na tsawon lokaci, to, cuta ta shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 970, watau ɗaya cikin kowane takwas, suna fama da wani nau'i nata.

Nau'in da ya fi yawa shi ne ciwon fargaba da ciwon damuwa. Mai ciwon damuwa yakan yi makonni cikin baƙin ciki, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, har wani lokaci ya ji mutuwa ta fi masa rai. Sau da yawa idan ya je asibiti, ciwon kai ko ciwon jiki yake faɗa wa likita, domin kuwa al'adarmu ba ta saba kai kukan zuci asibiti ba. Akwai kuma wanda likitoci ke kira sikizofireniya, mai sa mutum ya riƙa jin muryoyin da babu su, ko ya gaskata cewa ana farautar ransa. Shi wannan yana kama wajen mutum ɗaya cikin 300, kuma idan aka bar shi ba magani, yakan kai mai shi bakin kasuwa. Har ila yau akwai taɓin hankalin da ke samun mace ɗaya ko biyu cikin 1,000 bayan haihuwa, wanda akan ce iska ce ta buge mai jego.

To, me ke kawo waɗannan cututtuka? Da wuya a ce dalili guda ne, yawanci abubuwa ne ke haɗuwa. Na farko shi ne jiki: gado yana da hannu, haka kuma sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, da buguwa a kai wajen haɗarin babur.

Na biyu shi ne halin zama. Dandume gari ne na noma, kasuwarta ta hatsi kuwa ta yi suna wajen masara. Amma shekaru da dama 'yan bindiga sun addabi wannan yanki tare da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara. A watan Disamba na 2020 an kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara cikin dare guda. Mu dubi manomin da ya sayar da gonar gado ya biya kuɗin fansa, ko matar da aka kashe mijinta a gabanta. Bayan watanni suna nan suna mugun mafarki, ƙarar babur kaɗai ta isa ta sa su zabura. Likitoci sun san wannan ciwo na bayan tashin hankali, kuma ba ragwanta ba ce ko ƙarancin tawakkali.

Na uku shi ne shaye-shaye. Matashin da ke ƙwadago a gona yakan sha ƙwayar taramol domin ya yi aikin mutum biyu, daga baya ita ce ke mallakarsa. Binciken da aka buga kan shekarar 2017 ya nuna cewa wajen mutum miliyan 14 a Nijeriya sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi, kuma a watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Yanzu sai mu juya ga magani. Iyali da yawa sukan fara da ruƙiyya ko mai maganin gargajiya, kuma addu'a ba ta hana shan magani. Abin da ya zama wajibi a guje masa shi ne mari da bulala. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, a watan Oktoba kuma aka sami irinsa a Daura, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Yawancinsu danginsu ne suka kai su, saboda ba su san wata hanya ba.

Alhali kuwa an nuna wata hanyar a ƙasar nan tun 1954. A shekarar ce Dokta Thomas Adeoye Lambo ya kafa tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda majinyaci ke sauka a gidan mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, ya je asibiti da rana, ya koma cikin jama'a da yamma. Har masu maganin gargajiya Lambo ya jawo cikin aikin. Darasinsa shi ne mutum ya fi saurin samun sauƙi idan ba a raba shi da danginsa ba.

Doka ma ta sauya. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 ta fi mayar da hankali ga tsare majinyaci. A watan Janairu na 2023 aka bayyana cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Hankali, wadda ta tanadi haƙƙin majinyaci da mutuncinsa. Akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Dawanau ta Kano, sai dai duk sun yi wa talakan Dandume nisa. Saboda haka ne tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take ƙarfafa a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci yadda za su gane waɗannan cututtuka su kuma yi maganin masu sauƙi a inda suke.

Daga ƙarshe, ga roƙona. Ku ma'aikatan hukuma, idan kuna tsara kasafin lafiya na ƙaramar hukuma, ku sa horar da malaman asibiti da sayen magungunan hankali a ciki. Ku ɗalibai, idan abokinku ya daina magana, ya daina barci, ko ya ambaci kashe kansa, kada ku mai da abin wasa. Ku zauna da shi, ku saurare shi, ku raka shi wurin likita tun kafin abin ya yi nisa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.