Ginin da ake aunawa da iskar Legas

Tun da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamba 2024, hankali ya fara komawa kan gyaran asibitoci da makarantun da rikici ya durƙusar. Masu ba da tallafi daga waje kuwa sun fi son ginin da ke da takardar shaidar tsimin makamashi, irin EDGE ta hukumar IFC, wadda ke neman ragin kashi 20 cikin 100 na wuta da ruwa, ko LEED ta Amurka. Takardar ba ta da laifi. Ma'aunin da injiniyoyinmu suka saba da shi ne bai san hunturu ba.

Ana samun shaidar ne ta hanyar kwaikwayon ginin a kwamfuta, a kwatanta wutar da zai sha da ta gini na gama-gari. Wannan sana'a a Legas ta girma, inda Heritage Place na Ikoyi ya samu LEED, kuma can yaƙin kullum shi ne korar laima daga ɗaki. Ko dokar tsimin makamashi a gine-gine ta 2017 ta fi damuwa da girman taga, inuwa, rufi, fitilu da na'urar sanyaya ɗaki. A Birnin Gwari kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska ce busasshiya mai fasa leɓe da jawo haɓo, kuma a ƙarshenta ne sanƙarau ke kunno kai. Ɗakin haihuwa ko na tiyata yana bukatar a ƙara masa laima, kuma wannan ba kyauta ba ne: mayar da lita ɗaya ta ruwa tururi na cin kusan kilowat-awa 0.7. Ɗakin da ke shan sabuwar iska mita kubik 1,000 a awa, in za a ƙara wa kowane kilo na iskar giram 4 na ruwa, zai sha kusan lita 5, wato fiye da kilowat 3 a kan janareta. In ba a sa wannan a lissafi ba, gini zai ci jarrabawa a takarda, sannan kuɗin dizal ya tona asiri, ko a kashe na'urar ƙara laima a bar majinyata da ƙura.

Abin takaicin, akwai hanya mai arha: a bi da iska ta jiƙaƙƙen abu, ta yi sanyi ta kuma ɗauki laima, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, da wutar fanka da famfo kawai. Mai lissafin da bai sa laima a kwaikwayonsa ba, ba zai taɓa ganin ribarta ba.

Za a ce garin da ke fama da tsaron hanyar Kaduna da dajin Kamuku ba ta laimar ɗaki yake ba, kuma ruwa kansa tsada yake a rani, ga ƙwayoyin cuta da ke taruwa a tankin da ba a wankewa. Gaskiya ne, kuma da damina dabarar jiƙa iskar ba ta aiki. Sai dai ajin makaranta zai iya haƙura. Ɗakin jarirai bakwaini ba zai iya ba, kuma shi ma da wannan lissafin ake zana shi.