Sassaucin Awo Wajen Haɗa Ɗakin Girki a Kan Baƙar Lakar Basunda

Mai gidan da ya ƙuduri sabunta ɗakin girkinsa ya mayar da shi irin na zamani, mai kabad-kabad da teburin aiki da wurin wanke-wanke a jere jikin bango, yakan ɗauka cewa bangon da aka auna aka samu mita 3 zai ɗauki kayan mita 3 cif. Magina da kafintoci sun san ba haka abin yake ba, domin babu bangon da ya miƙe sarai, babu kuma katakon da zarto ya yanka ba ƙari ba ragi. Wannan ne ya sa sana'ar gini take aiki da sassaucin awo, wato ɗan bambancin da aka amince tun farko cewa zai iya shiga tsakanin girman da aka rubuta a takarda da girman da ya fito a aiki, ba tare da aikin ya ɓaci ba.

Batun ya fi nauyi a wuri irin Basunda, ƙaramar hukumar da ke kudancin jihar Gadarif a gabashin Sudan, daura da iyakar Habasha. Jihar ta shahara da noman dawa da riɗi, kuma Hausawa, waɗanda kakannin da yawansu hanyar aikin hajji ce ta kawo su, sun daɗe da zama a garuruwanta da ƙauyukanta. Baƙar lakar da ta sa yankin ya zama rumbun hatsin Sudan ita ce kuma babbar matsalar magini, saboda takan sha ruwa ta kumbura da damina, daga Yuni zuwa Oktoba, sannan ta ƙanƙance ta tsattsage da rani har hannu ya shige cikin tsagar. Wanda ya san ƙasar bakin tafkin Chadi ya san irinta. Ginin da ke kanta yana ɗagawa yana sauka tare da ita, kuma ba lallai ne kusurwoyinsa huɗu su motsa daidai da juna ba.

Ɗakin gargajiya na yankin, zagayayye mai jinkar ciyawa da ake kira guɗɗiyya, da rumfar da ake kira rakuba inda mata da yawa ke girki, ba su damu da wannan motsi ba, domin itace da ciyawa suna lanƙwasawa su koma. Bulo da siminti da tayil ba su da wannan haƙuri. Saboda haka wanda zai jera kabad a ginin bulo a Basunda yana da kuskure iri biyu da zai yi wa tanadi: na hannun ma'aikaci, wanda ake samu ko'ina a duniya, da na ƙasar da ke ƙarƙashin daɓe, wanda ke sauyawa tsakanin rani da damina.

Awo mai inganci yana farawa ne bayan an gama yaɓe da manna tayil, domin yaɓen siminti kan ci santimita 1 zuwa 2 a kowane bango, tayil da abin manna shi su ƙara kimanin santimita 1, ta yadda ɗakin da aka auna yana bulo tsirara zai iya rasa santimita 5 kafin kaya su iso. Ana auna tsakanin bango da bango a wuri uku, ƙasa da tsakiya da sama, a yi aiki da mafi ƙanƙanta. Kusurwa kuwa ana gwada ta da tsohuwar dabarar magina: a auna santimita 60 a bango ɗaya, 80 a ɗayan, idan tsakanin alamun biyu ya ba da 100 to kusurwar ta tsaya daidai. Wannan gwaji bai kamata a raina shi ba, domin karkatar digiri 1 kacal tana buɗe giɓin kusan santimita 1 a zurfin teburin santimita 60, ta haura santimita 5 a tsawon mita 3. Daɓe kuma ana duba shi da siririn tiyo mai ruwa, a nemo wurin da ya fi tudu, daga nan ne ake ɗaukar tsayin teburi, wanda yawanci yake tsakanin santimita 85 da 90.

Tsarin jera kayan girki bisa ƙayyadadden awo ya yi suna ne da ɗakin girkin Frankfurt da Margarete Schütte-Lihotzky ta zana a Jamus a 1926, kuma a yau masana'antu da dama suna ƙera murhun gas da na'urar wanki a kan faɗin santimita 60. Sai dai kafintan da ya koyi aiki da inci yakan ɗauki inci 24 a matsayin santimita 60, alhali kuwa ya kusan kai 61. A kabad ɗaya ba a ganin illar, amma kuskure yana taruwa: kabad biyar da kowanne ya zarce da milimita 2 sun ci santimita 1, na ƙarshensu kuma ya ƙi shiga. Ya fi dacewa mai gida da kafinta da mai walda su tsaya a kan ma'auni guda, a rubuta komai da milimita.

Kayan aikin su ma ba a tsaye suke ba. Katako yana shan danshin damina ya kumbura, kuma kumburin ta faɗi ya fi yawa, ba ta tsawo ba, shi ya sa ƙofar kabad da aka datsa ta cika bakinta a watan Maris takan cije a watan Agusta. Ratar milimita 2 zuwa 3 a kewayen kowace ƙofa tana maganin wannan. Alminiyom, wanda mutane da yawa a Sudan suka fi so saboda gara ba ta cinsa, bai damu da danshi ba amma zafi yana miƙar da shi, har sandar mita 3 ta ƙaru da kusan milimita 2 idan zafi ya hau da digiri 25. A ƙarshen jeri, inda kabad ya haɗu da bango, gwanin kafinta yakan bar santimita 3 zuwa 5, ya rufe wurin da siririn katako da ya fere daidai da karkatar bangon. Mai gida da ya ga wannan rata kada ya ɗauke ta ha'inci ko rashin ƙwarewa. Abin da ya cancanci tuhuma shi ne teburin dutse ko na siminti da aka cusa tsakanin bango biyu ba rata, domin ranar da bango ya motsa teburin ne zai tsage. Haka nan kabad mai ƙafafun da ake murɗawa a ɗaga ko a sauke ya fi wanda aka kafe cikin siminti dacewa da wannan ƙasa, tunda ana iya sake daidaita shi bayan damina.

Akwai kuma wuraren da rage rata yake zama haɗari. Firiji yana bukatar sarari a baya da sama, kimanin santimita 5 ko abin da kamfanin ya rubuta, domin zafin da yake fitarwa ya samu mafita. Tukunyar gas mai kilo 12.5 ana auna mata wuri har da kan da ake ɗaura mata da lanƙwasar tiyonta, a kuma huda kabad ɗin daga ƙasa, saboda iskar gas ta fi iskar shaƙa nauyi, ƙasa take taruwa idan ta tsiyaya. Bututun ruwan wanke-wanke yana son gangare na kimanin santimita 2 a kowace mita, da haɗi mai lanƙwasa inda ya ratsa bango, kuma a kai bakinsa nesa da harsashin gini, domin ruwan da ke ɗiga a gindin bango yana kumbura lakar wuri guda ko da rani, ya ɗaga daɓen da aka sha wahalar daidaitawa.

Inda hali ya yi, gara a bar sabon daɓe da sabon bango su ga damina ɗaya da rani ɗaya kafin a ba da aikin kabad, a ja layi jikin bango da tiyon ruwa a ƙarshen damina da kuma ƙarshen rani, sannan a kwatanta. Tazarar da ta fito tsakanin layukan biyu ita ce za ta nuna wa kafinta yawan ratar da wannan ɗaki yake bukata.