Kwana uku muna neman mesa a gidanmu na Briqueterie

Ana kiran assalatu ɗan ƙanwata ya buga min ƙofa, muryarsa na rawa: "Kawu, ta fita." Ban ma tambaye shi wace ce ba. Mesar da yake kiwo ce a akwatin katako, wadda ya saya hannun wani mafarauci a bakin kasuwar shanu ta Etoudi, inda yake aiki. Tun ranar da ya shigo da ita na ce masa ba na so.

Irin ƙaramar mesar nan ce da ba kasafai take wuce mita ɗaya da rabi ba. Ba ta da dafi, in ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta ɓoye kanta. To amma je ka gaya wa mai goyo haka.

Gidanmu na haya ne, iyali bakwai, kuma ba duka Hausawa ba. Ni ba cizo nake tsoro ba, bakin mutane ne. A Yaounde, duk wanda aka ga maciji a ɗakinsa, kafin la'asar an ce na tsafin kuɗi ne, irin mai aman sefa. In maganar ta fita, ba yaron kaɗai za a zaga ba, har da mu 'yan unguwa. Saboda haka bayan magariba na tara maƙwabta na faɗa musu gaskiya. Aka yi ta salati. Mai gida ya ce kwana uku ya ba mu, ko a gan ta ko mu kwashe kayanmu.

Ranar farko a banza ta tafi, muna tone kwatami da sanduna. Sai wani dattijo da ya taɓa aiki a gidan namun daji na Mvog-Betsi ya yi mana dariya. Ya ce ba ta nisa, da dare take yawo, kuma wuri mai ɗumi, mai duhu, matsattse take nema. Ya ce mu barbaɗa fulawa a gindin bango da bakin kowace ƙofa, mu kashe fitilu, mu bar hayaniya.

Daren farko sawun ɓera kawai muka gani. Da safiyar kwana na uku kuwa ga sawu shimfiɗe kamar an ja igiya, ya shige ɗakin Hajiyar da ke sayar da zoɓo mai sanyi. Muka janye firizarta a hankali. Ga ta nan a naɗe jikin injin, inda ɗumi yake fita.

Yaron ya sa hannu biyu ya ɗauke ta, ya zura a rigar filo ya ƙulle baki. Hajiya, da ta kwana biyu da mesa a bayan gadonta ba ta sani ba, ta zauna daɓas a ƙasa. Da ta dawo hayyacinta ta ce, "Malam, wallahi sai ya wanke firizar nan da omo sau uku."

Ya wanke. Mai gida ya bar mu, amma bisa sharaɗin a sa wa akwatin kwaɗo, makullin kuma a hannuna.